Abin da Meiske Ta Faɗa a Bakin Jirgi

Bunaken, rana ba ta yi zafi ba tukuna,
Meiske na ɗaura ɗamarar dalma a ƙugun Retno:

"Cire zoben nan.
Ruwa na ramar da yatsa.
Bara wata ta bar na aurenta can ƙasa.

Kitse gashinki gida biyu.
Sili ɗaya ya maƙale a bakin tabarau,
gishiri ya sami ƙofa.

Al'ada kike?
Ni ma jiya haka na sauka,
kifin shak bai ko waiwayo ba.
Amma in kina zaton ciki,
ko da zato ne kawai,
zauna da Om Yopi ki sha ruwan kwakwa.

Toshe hanci, hura a hankali
tun kunne bai fara kuka ba.
Numfashi ba kuɗi ba ne, kar ki riƙe shi.

Mijinki zai nuna gaba, wai saura kaɗan.
Huhunsa daban, tukunyar iskarsa daban.
Allurarki ta taɓa hamsin,
ɗaga babban yatsa sama.
Ba izini kike nema ba.

Murjani na ido ne.
Ki taso a bayan kumfarki,
ki dakata a mita biyar, minti uku.

Yaushe ne jirginku na Surabaya?"

"Yau da daddare."

Meiske ta yi shiru.
Ta kwance ɗamarar.
"Jinin da ya sha iskar ƙasa
sai ya wuni ya kwana kafin ya hau gajimare."

Retno ta mayar da zobenta.
Gefen jirgi, wani kunkuru
ya leƙo, ya shaƙi iska, ya koma.