Yayyafi a Cikin Wuta

Shekara talatin da ɗaya ina kwance ƙarƙashin motoci,
magana guda na riƙe daga bakin maigidana,
Nomau mai guntun yatsa:
ruwa in ya shiga silinda, a kira masu makoki.
Na kuwa gani da idona, shekarar da Gulbi ya tumbatsa,
wata fijo ta kurɓa sau ɗaya tak a hanyar Tibiri.
Da muka buɗe ta, sandar fistan ta lanƙwashe kamar lauje.

Sai ga Kalla,
yaron da na koya wa bambanta sifana goma da sha biyu,
ya dawo daga Kwatano da kwali a hammata:
ɗan famfo, siririn tiyo, da wani baki na tagulla
mai hudar da ko allura ba ta ratsawa.
Ya ce, Baba, ruwa za mu ba ta.
Na ce, to fara haƙa mata kabari.

Motar ta Hajiya Baraka ce, dillaliyar aya,
mai turbo, baƙa, ga zuciya kamar ta mai ita.
Da sanyin safiya zakanya ce.
Amma bari rana ta take a tsakiyar bazara,
lokacin da kwalta ke kama takalmi a Sabon Gari,
turbo ya matse iska har ta yi zafin maƙera,
ga man kwalba na bakin titi, wanda ba a san ubansa ba,
sai ka ji cikinta: ƙwas, ƙwas, ƙwas,
kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.
Wuta ce ke riga lokacinta tashi.
Na canza buji. Na ja lokacin wuta baya.
Ƙarar ta ragu, ƙarfin ma ya bi ta.

Kalla bai ɗebo na famfo ba.
Ya ce dubi gindin butar shayinka, wannan farin dutsen,
shi zai toshe hudar cikin wata guda.
Ruwan batir ya sayo, tatacce,
ya auna rabi, ya cika da metanol,
ya ɗauko jan fenti ya rubuta GUBA a jikin jarkar,
don almajiran sana'a akwai su da ƙishi,
shi kuwa wannan, makurwa kaɗan ta ci ido,
in ya kama da rana ba ka ganin harshensa,
sai dai ka ji gashin hannunka na ƙauri.

Muka hau hanyar Ɗan Isa, ƙarfe biyu na rana.
Ni a gefe, carbi a hannu, kunne a kan inji.
Ya taka. Allurar turbo ta miƙe.
Ƙaramar fitila ta kama, kore,
ɗan famfon ya yi tsaki a baya.
Na jira tsakuwar.
Na jira.
Har muka wuce masu sayar da rake ban ji ta ba.
Sai gurnani ɗaya, sumul, dogo,
kujera ta rungumo ni ta baya.

Ban ce masa komai ba. Babba ba ya saurin yabo.
Na dai ce, ranar da jarka ta ƙafe kana kan gudu fa?
Ya nuna mini waya ja: ita za ta rage wa turbo numfashi.
Na ce, to.

Da almuru na tarar da Zuwera tana yayyafa wa tsakar gida ruwa
da yatsu, daga ƙwarya, kafin a shimfiɗa tabarmi.
Ƙasa ta sha, ta huce, ƙamshinta ya tashi.
Ba ta sheƙa ba. Ba ta taɓa sheƙawa ba.
Shekara nawa ina tsallake wannan danshin in shige ɗaki?

Allah ya jiƙan Nomau, bai yi ƙarya ba.
Ambaliya ya sani.
Ba wanda ya nuna masa raɓa.