Littafin Ma'aji Nadabo

A ƙasan adakar kakata, ƙarƙashin tasoshi,
na tarar da littafin mijinta.
Gara ta ci gefe, tawada ta koma ruwan ƙasa.

Maraya ne, in ji ta. Yana ɗan sha ɗaya
yake riƙe wa wani Buzu lissafi a kasuwar Maigatari,
kanwa buhu nawa, mangul nawa,
har ya gane kuɗi ba ƙarfe ba ne,
alkawari ne mai yawo hannu zuwa hannu.

Shekarar da fari ya ƙone gero,
ƙauyuka bakwai, kowanne da bashi a wuya.
Ya tara dagatai a gindin tsamiya,
ya ce a haɗa bashin ya zama ɗaya.
Mutanen Tudu suka miƙe: mu mun biya namu,
don me za mu ɗauki kayan malalata?
Shafi na tara ya ajiye amsarsa:
"Wanda kuka biya bashi tare,
ba ya kallon rumbunka yana cin wuta."

Shafi goma cur a kan riɗi kaɗai.
"Da kaka mu zubar da shi ɗanye, tiya a wulaƙance,
da bazara mu sayo mansa a kwalba, ninki huɗu.
Wa ya yi mana wannan in ba mu ba?"
Injin matsar da ya sa aka sayo
yana nan bayan masallaci,
kaji na saka ƙwai a cikinsa.
Amma shekara shida ya yi yana kuka,
da kuɗinsa aka gina rijiyar da nake sha.

Ba waliyyi ba ne, bakinsa reza.
Shafi na arba'in zagi ne tsantsa
ga Sarkin Noma Jatau,
har suka mutu ba su gaisa ba.

Ma'ajin ƙauyuka bakwai,
sai da aka yi karo-karo aka sayi likkafaninsa.

Shafin ƙarshe layi ɗaya ne, hannu na rawa:
"Ana bina: Hajo mai ƙosai, sule biyu."

Jiya na nemo jikar Hajo a bakin tasha,
ita ma kaskon ne a gabanta.
Muka zauna muna gardama har la'asar
kan nawa ne sule biyu a yau.