Sabon Maƙogwaro

Tsohuwar salansar ta huje tun damina biyu da suka wuce,
tsatsa ta cinye cikinta yadda gara ke cin azara.
Na ɗaure da waya, na liƙe da gwangwanin madara,
har ran da ta faɗi a shataletalen Kwangila,
wani yaro ya kawo mini ita a bakin rigarsa, yana hura yatsu.

Sabuwar, a Sabon Gari na saya.
Ba ta kamfani ba ce:
gajera, mai faɗin baki, tana ƙyalli kamar butar mai shayi.
Mai shago ya rantse za ta shiga kowane mashin.
Ba ta shiga ba.

Sallau bakanike, gindin dalbejiya a Agoro,
ya gwada, ya yi tsaki, ya aiki yaro wurin mai walda
a ƙara wa kunnenta tsawon ɗan yatsa.
Noti biyu ne a bakin injin. Ɗaya ya kafe,
sai da aka shayar da shi baƙin mai aka lallashe shi.
Sabon fakin, sufana mai lamba goma,
sannan ya ce, "Taka mu ji."

Na taka. Tantabaru suka watse daga kan kwano.
Na murɗa totur, ya yi ruri,
na saki, ya hau tari: fat, fat, tas!

Sallau bai yi dariya ba.
"Ka buɗe masa maƙogwaro, ba ka ƙara masa tuwo ba.
Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan."
Ya kwance fulogi ya nuna mini kansa,
fari fat kamar leɓen mai azumi.
"Fari yunwa ne. Baƙi haɗama.
Abin da muke nema launin ƙuli-ƙuli."

Ya zare kafireta ya ɗora a murfin fenti,
ya fito da allura, siririya kamar tsinken tsire,
ya ɗaga ta gaba ɗaya tak.
Ya hura jet da bakinsa, ya tofar, ya ɗaga shi ga rana
sai da ya hango haske ta ƙofar.
Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa,
don haka da na dama ya jingina da tanki,
ido a rufe, sukundireba tsakanin yatsu uku:
juyi ɗaya, rabi, ya koma baya kaɗan,
kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo.

Sau uku na je Ƙofar Doka na dawo.
A na ukun, silo ya zauna daram,
fulogi ya fito kamar an toya shi a Tudun Wada.

Ban faɗa wa Sallau mashin ɗin na Yaya Barau ne ba.
Shekara uku ke nan da muka kai shi makwanci,
kuma kullum na karyo kwanar lungunmu a Gyallesu
da tsohuwar muryar nan tasa mai kakkarwa,
Inna takan miƙe tsaye da ludayi a hannu,
sannan ta tuna,
ta koma ta zauna a hankali.

Yau na shigo bayan la'asar,
karnukan maƙwabta suna ta ƙorafi.
Na kashe a zaure, ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa.
Tana kan tabarma tana tsince shinkafa, ba ta tashi ba.
Ta ce, "Wace irin ƙara ce wannan, kamar injin markaɗe?"
Can kuma, ba ta ɗago kai ba:
"Ashe kai ne, Ɗanjuma."

Tsohuwar tana bayan randa, naɗe cikin buhu.
Masu gwangwan sun taya sau biyu.