Cinya Tukuna

Hantsi bai gama ɗagawa ba a tudun Roldanillo.
Can ƙasa gonakin rake sun baje,
kogin Kauka na jan ciki a tsakaninsu.
Ungulaye uku sun riga sun kama iska mai ɗumi,
suna hawa, ko fiffike ba su kaɗa ba.
Ni kuwa tafin ƙafata ƙaiƙayi yake.

Eliécer bai ko dube su ba.
Ya durƙusa gabana, ya miƙe ƙafar hagu gefe guda
kamar wadda ya aro,
ya ce, "Yesenia, cinya tukuna.
Sama ba ta gudu."

Jiya da dare, a shagon Nohemí,
mun rataye kujerar a jikin azara, na zauna ciki
ina lilo kamar jaririya a zani.
Ta ja nan, ta sassauta can,
har bayana ya daina gardama da kafaɗuna.
Ta bi kowane ɗinki da farcen babban yatsa,
yadda ake tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ta ce gumi gishiri ne, gishiri kuwa yana cin zare.
Ruwan sanyi kawai, ban da sabulu mai kaifi,
shanya a inuwa,
don rana ba ta yaga, a hankali take ci.
Ƙugiyoyin ƙarfe biyu, ta duba shekarunsu a littafinta,
ɗaya ta jefa kwandon shara, yana ƙyalli kamar sabo.
Na ce, "Ai lafiyarsa lau."
Ta ce, "Ƙarfe ba ya tari kafin ya mutu."
Lemar ceto, wata shida ke nan tana barci a naɗe,
muka tashe ta, ta sha iska, muka sake kwantar da ita.

Yanzu ga ni a bakin gangare.
Maɗaurin dama: ƙas.
Na hagu ya shiga, amma bai yi magana ba.
Eliécer ya ja shi da yatsa ɗaya, ya zame.
Ya ɗaga maɓallin sama, ya hura,
tsakuwa ta faɗo, ba ta kai ƙwayar wake ba.
Ya ɗora mini ita a tafin hannu, bai ce komai ba.

Kowa a tudun nan ya san labarin gwiwarsa.
Ya kwance cinya don ya zaga bayan dutse,
ya dawo, wani ya tambaye shi ashana,
iska ta yi kyau, ya ruga.
Hamata ce ta riƙe shi, numfashi bakwai ko takwas.
"Itacen kofi ne ya tare ni," in ji shi,
"ba wayona ba."

Hagu: ƙas. Ƙirji. Ƙugiya ta kulle, ɗayar ma.
Igiyar hular kwano a ƙarƙashin haɓa.
Hannuna ya lalubi jan mariƙin ceto, ido a rufe.
Sai yaro mai sayar da kofi ya kira sunana,
na waiga, na ce, "Sai na sauko!"
Eliécer ya girgiza kai.
"An katse ki. Koma farko."
Na ji kamar in cije shi.
Na koma farko.

Ciyawa ta kwanta ta fuskanto mu.
Lema ta tashi bisa kaina da ƙarar sabon yadi,
taku huɗu, biyar,
na shida bai sami ƙasa ba.

Maɗauran nan biyu suka cije ni a cinya,
cizo mai zafi,
ban taɓa son ciwo haka ba.
Na jira tudu ya yi nisa kafin na gyara zama.
Wata ungulu ta karkato kai ta dube ni,
ta ci gaba da harkarta.

Tsakuwar tana aljihun ƙirjina.
Nohemí ta ce in kawo mata,
tana da kwalba, ta kusa cika.