Jar Ganga

Kafin ladanin Bagalam ya gama gyaran murya
na ɗaura wa Auraki amalanke,
mu bi lungu-lungu muna karɓar abin da gidaje suka ƙi.
Bana shekara goma sha ɗaya.
Ba na tambayar kowa sirrinsa,
amma na san gidan da aka ci kaza jiya
da gidan da ake jinya.

Ɓawon gyaɗa ba ya cizo.
Toka ba ta gaba da kowa.
Kashin awaki, ganyen mangwaro, karan dawa,
duk ƴan gida ne, in sun ruɓe gona za su koma.
Sai dai akwai baƙi cikin shara
masu shigowa ba sallama.

Dubi bayan hannuna.
Wannan farin tabo mai kwana-kwana kamar Gulbi
ruwan batir ne, daga wani gareji a Sabon Gari.
Na ɗauke shi da sunan ƙarfe,
ya amayo mini abin da ke ransa.
Dubi ƙafar Auraki ta baya:
allura ce, cikin ƙullin leda.
Kwana ashirin muka zauna, ni da shi, ba ko dala.

Waɗannan na yafe.
Wanda ya tsaya mini a wuya bido ne, shuɗi,
na tsinto shi bakin garka, hanyar Jiratawa.
Ya yi kyau a ido.
Na ɗauraye shi sau ɗaya, na sayar wa Goshi,
ta ɗebo wa jar akuyarta ruwa.
Kafin la'asar akuya na shure-shure,
kumfa a baki, ƴaƴa biyu a ciki.
Goshi ba ta zage ni ba.
Ta dai ce, "Ilu, da farko
kunun ƴan lakwal na so in zuba."

Daren nan tuwo bai wuce ba.

Na nemo ganga mai murfi, na shafe ta da jan fenti,
na ɗaure ta bayan amalanke.
Pil ɗin rediyo da ya kumbura ya yi gari,
sauran maganin ɓera, ƙwayar da ta wuce kwananta,
nan suke kwana, nesa da ruwa, nesa da yara.
Allura kuwa cikin kwalba, a toshe,
in miƙa wa Na'ito a asibiti, su ke da tanderunta.
Masu garka sun gaji da bakina:
bidon feshi a ɗauraye sau uku,
ruwan ya koma famfo, kada ya ga rijiya,
a huda gindinsa da ƙusa
don kada wata Goshi ta yi sha'awa.
Kada a ƙone shi. Hayaƙi bai san katanga ba.

Samarin tasha na ce mini "Likitan Juji"
saboda safar roba da nake sawa.
Ina amsawa.

Jiya wata yarinya a Mokoyo ta tare ni,
pil uku cikin ganye, ta riƙe nesa da zanenta.
Na buɗe murfi, da ƙyar suka sami wuri.
Ganga ta cika.
Sau biyu ina zuwa ma'aikatar gari
ana ce mini mai sa hannu ya yi tafiya.
Gobe ma zan koma.
Auraki ya riga ya san hanya.