Layi Ɗaya

Takardu bakwai gare ni a gwangwanin madara,
ƙarƙashin gado, bayan tsohon takalmi.
Kowace da hatimi, kowace da sa hannu,
kowace cewa take yi: babu.
Ido ya karanta,
ciki ya ce bai ji ba.

Wata Talata ce, a hanyar Batagarawa.
Mota ta kife, na kashe kekena
na shiga cikin masu ɗauka.
Wani saurayi, har yau ban san sunansa ba,
jininsa ya gangaro mini har gwiwar hannu.
Sai wajen alwalar magariba na ga ɗan yanka a yatsa,
bai kai ƙwayar gero ba.
Ta nan dare ya shigo.

Wata uku na ƙirga, kwana bayan kwana.
A Babban Asibiti aka huda ni, aka ɗiga,
layi ɗaya ya fito, ja, ya tsaya shi kaɗai.
Malama Barira ta ce: lafiya ke nan, je ka ci tuwo.
Murnata ta raka ni har Ƙofar Soro.
Nan zuciya ta taɓa ni a kafaɗa:
in kayan aikin sun lalace fa?
In jinin wani aka duba?

Na je Ƙofar Ƙaura da sunan Lurwanu.
Na koma wani wurin da nawa, Masa'udu.
Na biya kuɗin mota har Daura
inda ba wanda zai ce, a'a, mai keke ne yau a nan?
Layi ɗaya.
Layi ɗaya.
Kamar mai bin bashi da aka biya ya ƙi tashi daga zaure.

Da dare ina latsa wuyana
kamar mai tayin rago, ina neman kaluluwa.
A danja ina leƙa harshena a madubi
har na baya su dame ni da hon.
Bazara ce, an ɗauke wuta, duk Katsina gumi take,
amma nawa gumin alama ne.
Cizon sauro alama ne.
Na ƙara huji a bel. Na sani,
wanda ba ya ci dole ya rame. Na sani.

Na ware kwanona, na ɓoye rezata,
na juya wa Zinatu baya wata goma sha ɗaya.
Ta tambayi yayata ko wata ce a waje.
Da ma wata ce.
Da na san gidansu.

A karo na bakwai Malama ta rufe littafi,
ta cire tabarau ta dube ni.
Ta ce: jinin nan ya gaji da amsa tambaya ɗaya.
Ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a kofi,
kai kuma ba ka da ita.
Abin da ke cin ka tsoro ne,
shi ma ana maganinsa.
Ranar Laraba akwai likita a ɗaki na huɗu,
ba ya huda kowa, saurare yake yi.

Na tuna ina yaro, a bakin buta,
in wanke hannu sau uku, a raɗa mini biyu ne.
Babana ya ce: kada ka sake, wuce fuska.
Mai raɗar nan ba ya ƙoshi.

Shekaranjiya Ummita ta fizge kofin kunu daga bakina
ta kafa kai ta shanye,
ta miƙo mini da gashin baki fari.
Hannuna ya yi rawa. Ban ƙwace ba.

Yau na bi ta ƙofar ɗakin gwaji,
ƙafata ta nemi birki da kanta.
Sau biyu na zagaye shataletale
kafin na ɗauki wata tsohuwa da buhun zogale zuwa Ƙofar Guga.

Takardun har yanzu bakwai ne.
Gobe Laraba.