Kunnuwa Arba'in da Takwas

Da rana a Bogo, bayan gonar masakwa,
muka kafa kunnuwan ƙarfe arba'in da takwas,
taku biyu-biyu a tsakani.
Hamajoda ya ɗaga guduma,
ya sauke ta kan faranti.
Ƙasa ta haɗiye bugun,
ta maido abin da ta ga dama.

Yanzu dare ne a Marwa.
An ɗauke wuta, janareta na tari,
daga ni sai kwamfuta da shayin da ya huce.
Abin da muka kwaso
kamar zaren da kaza ta yi tono a ciki.

Na hau rairaya.
Wannan mai kaurin, tirelar auduga ce ta wuce.
Na cire.
Wannan mai nanata kansa, injin niƙan Mal Gaji.
Na cire.
Ga kofaton shanu suna gangarawa mayo,
ga kunne na sha bakwai, kurma ne
tun da akuya ta tauna masa igiya.
Ga dukan turmi daga gidan Dijatu,
uku-uku, ita da 'yan matanta biyu.
Na daɗe kafin in cire wannan.

Sai lissafin gudu.
A busasshen yashi amo tafiyar jaki yake,
a jiƙaƙƙe sai ya hau babur.
In na kuskure da ƙiris,
dutse ya tashi daga inda Allah ya ajiye shi.
Na miƙar da layukan da nisa ya tanƙwara,
na ɗora amo kan amo har ashirin,
don shaida ɗaya ba ta yanke hukunci.
Ƙarya ta cinye ƙarya.

Gab da asuba ya bayyana,
mita ashirin da uku,
kamar akushin da aka binne a buɗe:
tsohon kogi cike da tsakuwa,
wanda ya daina gudu tun ba a raɗa wa Bogo suna ba.
Ba gindin tsamiya yake ba, inda lawan ya so.
Yana ƙarƙashin filin ƙwallon yara,
daidai ragar gabas.

Ban ce ruwa ba, allo ba ya jiƙa.
Na dai ce a haƙa nan,
sefa miliyan huɗu
a kan amsa-kuwwar guduma.
Na sa hannu, hannun na ɗan rawa.

Sannan na buɗe ɗanyen fayil
na sake neman turmin Dijatu.
Yau ma da jarka shida za ta fita
ta je ta tona yashin mayo.